Yadda ake zama mamba da cika sharuɗɗan shiga gasar harbin faifai ta tiraf

Mutane da yawa sun ɗauka in dai kana da bindiga kuma hannunka ya faɗa to shikenan, sai ka wanke ƙafa ka tafi filin gasa ka ce a saka sunanka. Ba haka abin yake ba wallahi. A wasan nan na tiraf, wanda inji ke cilla faifan yumɓu sama yana gudu gabanka kai kuma ka tarwatsa shi kafin ya faɗi, rabin aikin a kan tebur ake gama shi tun ba a ji ƙarar harsashi ko ɗaya ba. Kati, rajista, aji, yadi, shekaru, inda kake zaune, duk sai an tantance. Kuma ni dai ina ganin dokokin nan su ne suka sa wasan ke da daɗi, don su ke hana a haɗa ɗan koyo da wanda ya shekara 30 yana fasa faifai a ce su kara. To bari mu bi abin daki-daki.

Abu na farko, ka san wace irin tiraf kake son shiga, don kowacce da masu ita. Akwai irin ta Amurka da Kanada wadda Amateur Trapshooting Association ke kula da ita, ATA kenan a taƙaice, ƙungiya ce da ta samo asali tun 1900, ta ɗauki sunan da take amsawa yanzu a 1923, kuma ofishinta yana garin Sparta a jihar Illinois. A yammacin ƙasashen biyu akwai wata ƙungiyar daban mai suna PITA da nata katin da nata gasannin. A Ingila CPSA ce ke riƙe da harkar, nasu salon da ya fi yaɗuwa shi ake kira DTL. Sai kuma ta Olamfik wadda hukumar harbi ta duniya ISSF mai hedikwata a Munich ta Jamus ke tsara wa doka. Katin wata ƙungiya ba ya nufin ka zama ɗan wata ƙungiyar, don haka kar ka biya kuɗi sai ka duba takardar shirin gasar da kake hari ka ga sunan wace ƙungiya ke kai. Zan fi daɗewa a kan ATA don ita ce tsarinta ya fi yawan lungu da saƙo, kuma a nan sababbi suka fi yin tuntuɓe.

Kafin ma maganar ƙungiya, ka tabbata doka ta yarda ka riƙe bindigar. Wannan ba hurumin kulob ba ne, na hukuma ne. A Birtaniya 'yan sanda ke ba da takardar mallakar bindigar, tana aiki shekara 5 sannan a sabunta. Wanda kuma zai shiga Amurka da bizar baƙo ɗauke da bindigarsa don gasa, akwai fom mai suna 6NIA na ATF, hukumar Amurka mai kula da bindigogi, da zai cike tun yana gida, ya haɗa da takardar gayyata ta gasar ko lasisin farauta na wata jiha, kuma a fara da wuri don ba abu ne na kwana biyu ba.

To yanzu ka yanke shawara ATA ce. Sai ka yi rajistar zama mamba, ko ta shafinsu na intanet ko a kulob ɗin da ake gasa mai rajista ran da ka je. Akwai ta shekara-shekara akwai ta har abada wadda ake biya sau ɗaya. Abin da zaka riƙe a nan shi ne shekararsu ba daga Janairu take farawa ba, daga 1 ga Satumba ne zuwa 31 ga Agusta, duk lissafin faifan da ka harba da makinka a kan wannan kalandar ake yi. Za a ba ka lamba, wannan lambar ita ce kai har ka bar wasan, duk inda ka harba faifai mai rajista a ƙarƙashinta zai shiga. Galibin jihohi da lardunan Kanada kuma suna da tasu ƙungiyar, wasu da kuɗin shekara wasu a kuɗin rana suke karɓa, ka tambaya a kulob. Kuma duk ranar da ka yi harbi mai rajista akwai ɗan kuɗin rana na ATA da na jiha da ake ɗorawa a kan kuɗin faifai da na shiga, kar ka ga lissafi ya ɗan haura ka ɗauka cutarka aka yi.

Daga nan sai katin maki. Nan zan tsaya sosai don shi ne zuciyar abin gaba ɗaya. Duk gasar da ka gama sai ka rubuta kwanan wata, wurin, faifai nawa aka cilla maka, nawa ka fasa, sannan ka fitar da matsakaicin makinka. Ɓangare uku ne kuma kowanne lissafinsa daban. Akwai singul, faifai ɗaya a lokaci guda kana tsaye yadi 16 daga ɗakin injin. Akwai dabul, faifai biyu su tashi tare, shi ma daga yadi 16. Sai handikaf inda ake ja da kai baya gwargwadon ƙwarewarka har zuwa yadi 27 wanda shi ne ƙarshe. Yanzu ana iya duba makin mutum a kwamfuta, amma duk da haka nauyin a wuyanka yake, don sakamakon gasar da ka yi makon jiya mai yiwuwa bai shiga ba tukun, kuma in ka san yadinka ya ƙaru ka yi shiru ka harba a tsohon yadin, za a iya soke makin a karɓe kyautar, wani lokacin har da dakatarwa.

Na taɓa gani da idona a wani kulob, da sassafe ana layin tantancewa, wani dattijo a gabana ya zaro katinsa daga aljihun rigar harbi, katin duk ya lanƙwashe gefensa ya yi baƙi don yawan taɓawa, amma kowane layi a cike da biro tsaf. Mai tebur ya kalla bai fi daƙiƙa goma ba ya rubuta masa aji da yadi ya miƙa masa. Na bayansa saurayi ne da ya zo da kati rabi babu komai, sai ga shi ana ta buga lambarsa a kwamfuta ana tambayarsa ina ka harba a watan jiya, nawa ka ci, layi ya tsaya cak, ƙarshe aka saka shi a aji sama da nasa don ba a da abin da za a dogara da shi. Yaron ya iya harbi fa, amma ranar da waɗanda suka fi ƙarfinsa ya kara. Abin ya tsaya min a rai don kuskure ne da minti biyar na rubutu zai hana.

Aji kuma ga yadda yake. A gasar da aka raba aji biyar a singul, mai fasa kashi 97 cikin 100 zuwa sama shi ne AA, daga 94 zuwa ƙasa da 97 A, daga 91 zuwa ƙasa da 94 B, daga 88 zuwa ƙasa da 91 C, duk wanda bai kai 88 ba yana D. A dabul ma'aunin ya sauko don ya fi wuya, 93 ma ya kai ka AA. Manyan gasanni sukan ƙara AAA a sama, ƙananan kulob kuma su rage zuwa aji huɗu ko uku, to lambobin sai su ɗan motsa, shi ya sa nake ta nanata karanta takardar shirin. Kuma masu tantancewa ba lamba kaɗai suke kallo ba, doka ta ba su damar duba abin da aka san ka da shi. In an san kai gwani ne a wata ƙungiyar ko makinka na kwanan nan ya yi sama sosai, za su iya ɗaga ka. Dalilin kuwa akwai masu zubar da faifai da gangan a ƙananan gasanni don makinsu ya sauka su faɗo ƙaramin aji su kwashe kyauta a babbar gasa. Wannan ha'inci ne tsagwaronsa, kuma wanda ake zalunta shi ne ɗan koyon da ya tara kuɗinsa da ƙyar ya zo gwada kansa da tsararrakinsa.

Handikaf ba aji ake bi ba, yadi ake bi. Sabon mamba namiji baligi galibi daga yadi 20 ake fara masa, mata da ƙananan yara a ɗan matso da su gaba kaɗan. Ka ci gasa ko ka zo cikin na sama, ko ka fasa 96 zuwa sama cikin 100, sai a ƙara maka nisa, rabin yadi ko fiye, ya danganta da yawan waɗanda suka shiga gasar. A da har huda katin ake yi a nuna sabon yadin, shi ya sa har yau 'yan wasan ke cewa an huda wane. Komawa gaba kuma ba da bakinka ba ne, sai an duba makinka bayan ka harba faifan handikaf 1,000 an ga lallai nisan ya fi ƙarfinka sannan a rage. Kuma wajen haɗa ku layi ɗaya ba a saka mai yadi 20 kusa da mai yadi 27, tazarar da ke tsakanin maƙwabta kaɗan ce aka yarda da ita saboda tsaro, ba a so wani yana can gaba wani na harbi daga bayansa.

Sai rukunin shekaru da jinsi, wannan ba shi da wahala. Wanda bai kai 15 ba rukunin ƙananan yara, 15 zuwa ƙasa da 18 matasa, 18 zuwa ƙasa da 23 akwai nasu, mata an raba su biyu a kan shekara 55, maza ma daga 55 zuwa ƙasa da 65 rukuni ne, 65 zuwa ƙasa da 70 wani, 70 zuwa sama dattawa, akwai kuma na masu harbi a kan keken guragu. Ka faɗi rukuninka a teburin tantancewa kafin ka harba ko ɗaya, in ka bari sai ka ga maki ya yi kyau sannan ka dawo kana cewa ai ni ɗan rukuni kaza ne, bakin alƙalami ya bushe. Iyaye masu yara 'yan makaranta kuma su nemi shirin matasa na ATA mai suna AIM, yana da nasa rajistar.

Yanzu ga wurin da ya fi kama sababbi, wato adadin faifai. Manyan gasanni kamar na jiha, na shiyya da Grand American, babbar gasar ATA ta shekara-shekara, sukan sa sharaɗin cewa sai ka riga ka harba faifai masu rajista adadi kaza a wannan shekarar da wadda ta wuce, a kowane ɓangare daban. In ba ka cika ba, ba wai za a kore ka ba ne, za a bar ka ka harba amma a ajin horo ko yadin horo, ma'ana a cilla ka aji na sama ko a ja ka baya nesa da inda ka saba. Adadin yana bambanta daga gasa zuwa gasa kuma a rubuce yake a takardar shirin. Faifan atisaye da kake harbawa ranar hutu a kulob ba ya shiga lissafi ko dubu nawa ne, sai wanda aka harba a gasa mai rajista. Saboda haka in kana da burin zuwa babbar gasa a watan Agusta, tun kaka ya kamata ka fara bin ƙananan gasannin kusa da kai kana tarawa, singul da handikaf da dabul duka, kar ka tara singul kaɗai ka manta sauran biyun, da yawa sun yi haka. Da sannu ake tara su, ɗari yau ɗari biyu wani makon.

Gasar jiha tana da nata ƙarin sharaɗin, kambun jiha na mazaunin jihar ne na gaskiya, ba wanda ya tare jiya ba, kuma ba ka neman kambun jiha biyu a shekara ɗaya. Baƙo zai iya shiga ya harba, akwai kofunan da ake ware wa waɗanda ba 'yan jihar ba. Haka shiyyoyi, ATA ta raba yankinta gida biyar. Ita kuwa Grand American, wadda aka yi shekaru ana yi a Vandalia ta jihar Ohio kafin ta koma Sparta a 2006, a filin da ke da wuraren harbi 120 a jere tsawon mil uku da rabi, abin da na fi so game da ita shi ne ba sai ka ci wata gasar share fage ba. Mamba ne kai, katinka ya cika, ka biya, to ka shiga, sai dai 'yan wasu gasanni a ciki da aka keɓe wa zakarun jihohi.

Kayan aiki ma sharaɗi ne na cancanta, kar ka raina. Bindigar kada bakinta ya fi na geji 12 faɗi. Harsashi kada dalmar ciki ta wuce oza ɗaya da ɗaya bisa takwas, ƙwayoyin kada su fi lamba 7 da rabi girma, kuma akwai iyakar gudu, mai wannan nauyin kada ya wuce ƙafa 1,290 a daƙiƙa. Masu cika harsashinsu da kansu a gida su suka fi bukatar kula da wannan don ana iya ƙalubalantar harsashin mutum a buɗe shi a auna. Gilashin kare ido da abin toshe kunne dole ne. In kunamar bindigarka irin wadda ke tashi in an saki ce ba in an ja ba, sai ka manna mata alama kowa ya gani. Giya ko wani abin maye kafin harbi ko ana cikin harbi, fita ce kai tsaye, kuma daidai ne.

Ranar gasa ka zo da wuri. Tsarin dai tantancewa, sai zaɓen layi, sai biyan kuɗi. Manyan gasanni ana iya kama layi tun kafin ranar ta intanet. A wajen biya za a nuna maka wasu zaɓuɓɓuka na zuba ƙarin kuɗi a tukunya a raba wa waɗanda suka ci, ba dole ba ne ko kaɗan, kana iya cewa faifai kawai ka zo harba kuma kofi in ka ci naka ne. Ni shawarata ga sabo ya bar su. Layi mutum biyar ne, tasha biyar, kowa faifai biyar a kowace tasha sannan a matsa dama, 25 kenan a zagaye ɗaya, gasa mai faifai 100 zagaye huɗu. Bindigarka a buɗe ba harsashi sai kana kan tasharka, in za a canza tasha ka buɗe ka cire. Juyinka ya zo ka ɗora bindiga a kafaɗa ka kira da kalmar "pull", faifai ya fito, in ko ɗan ɓalli ya fita daga jikinsa wanda ido ya gani an ba ka, in ƙura kawai ta tashi ba ɓalli to ka rasa. In ka ga ka fasa amma mai rubutu ya ce ka rasa, a take zaka yi magana kafin na gaba ya harba. Kuma kafin ka bar filin ka leƙa takardar maki ka tabbata abin da ke kai daidai ne, bayan an kai ta ofis gyara ya yi wuya. In kun yi kunnen doki da wani a sama akwai harbin raba gardama, ka saurari sanarwa kar ka tafi masauki, in an kira ba ka nan ka yafe kenan.

Wanda kuma zuciyarsa ke kan Olamfik, hanyar daban ce gaba ɗaya. A nan ba kai kake saka kanka ba, hukumar harbi ta ƙasarka ce ke tura sunanka, don haka matakin farko ka zama ɗan kulob da ke ƙarƙashinta, ka shiga gasannin zaɓe na cikin gida, ita za ta nema maka lambar ISSF. Wasan ma ya fi zafi, inji 15 ne a cikin rami, kana tsaye mita 15 daga bakinsa, faifan yana tafiya mita 76, harsashi gram 24 kacal, zagayen share fage faifai 125 kuma an yarda ka yi harbi biyu a kan kowanne. Gurbin Olamfik da ka ciyo a gasar duniya ko ta nahiya na ƙasarka ne ba naka ba, ita ke da ikon cewa wa zai je. In ka taɓa wakiltar wata ƙasa kana son komawa wata, ƙa'idar Olamfik shekara 3 ce ta jira sai in an yi sassauci. Matsalar da ta shafi ƙasarka ma tana iya shafarka, a Rio 2016 Fehaid Al-Deehani ya ci zinare a tiraf mai faifai biyu amma ba a ƙarƙashin tutar Kuwait ba, don an dakatar da kwamitin Olamfik na ƙasar a lokacin, a matsayin ɗan wasa mai zaman kansa ya hau dandamali.

Sai maganar magani, wadda masu shekaru ya kamata su ji da kyau. Magungunan hawan jini da bugun zuciya irin su propranolol, waɗanda ke kwantar da bugun zuciya da rawar hannu, haramun ne a wasan harbi a dokar WADA, hukumar duniya mai yaƙi da amfani da haramtattun magunguna a wasanni, a cikin gasa da wajenta. A kansa aka karɓe lambobin Kim Jong-su na Koriya ta Arewa guda biyu a Beijing 2008, shi a harbin ƙaramar bindiga. In likita ya ɗora ka a kan irinsa kar ka daina sha don gasa, lafiyarka ce gaba. Ka je masa da jerin magungunan da aka hana tun da sauran watanni, ku duba ko akwai wani da zai maye gurbinsa, in babu ka sanar da hukumar ƙasarka a nemi izinin amfani da shi don jinya a rubuce kafin a tura sunanka.